Idan Ciwon Baya Ya Daɗe, Zuciya Ma Tana Kamuwa

"Ina ke maka ciwo?" Da wannan tambayar ake fara ganin likita, kuma mai ciwon baya ba ya shan wahalar amsa ta. Zai kai hannu ya dafe ƙugu ya ce, "Nan ne, likita, wani lokaci har ƙafa yake sauka." A rubuta masa hoto, a rubuta masa ƙwayoyi, ya tafi. Bayan wata biyu ya dawo da katinsa da ciwonsa. Layi yana da tsawo, likita ɗaya ne, don haka da wuya a samu mai tambayarsa yaushe rabonsa da barci mai nauyi, ko har yanzu yana fita majalisa da yamma, ko abinci yana yi masa ɗanɗano. Shi ma ba zai tayar da zancen ba. A ganinsa baya ya kawo asibiti, kuma magidanci ba ya zama gaban baƙo ya ce zuciyarsa ta ƙuntata. Ga mutane da dama, rabin ciwon yana cikin waɗannan tambayoyin da ba a yi ba.

Ciwon ƙasan baya, wanda muke kira ciwon ƙugu ko kwankwaso, shi ne kan gaba a duniya wajen nakasa mutane da hana su aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da shi, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050. Yawancin waɗanda baya ya riƙe suna samun sauƙi cikin 'yan makonni. Wanda nasa ya haura wata uku shi ne likitoci ke cewa ciwon ya zama mai daɗewa, kuma a kansa muke magana. Abin da ke ba mutane mamaki, har ya fusata wasu, shi ne kusan tara cikin goma na masu ciwon baya ba a iya nuna wani takamaiman ƙashi ko jijiya a ce ga mai laifin nan.

Ɗaya daga cikin binciken da ake yawan kafa hujja da shi kan alaƙar ciwo da damuwa, ɗan Najeriya ne ya jagoranci rubuta shi, wato Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan. A 1998 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani aikin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka yi a ƙananan asibitoci na ƙasashe 14, har da Ibadan. Sun samu kashi 22 cikin 100 na masu zuwa asibiti suna ɗauke da ciwon da ya ƙi tafiya, baya ne kuma aka fi kuka da shi. Haɗarin kamuwa da ciwon damuwa ko fargaba ga waɗannan mutane ya ninka na sauran kusan sau huɗu. Da aka sake bibiyar marasa lafiyar bayan shekara guda, sai aka ga hanyar zuwa da dawowa ce: mai ciwo yana faɗawa damuwa, mai damuwa kuma yana faɗawa ciwo, da ƙarfi kusan ɗaya. Tambayar wanne ya riga wanne ta zama tambayar kaza da ƙwai.

Daga wannan aikin ne kuma aka fitar da wani adadi a 1999 da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya haddace. Cikin waɗanda aka tabbatar suna da ciwon damuwa, kashi 69 cikin 100 da kukan jiki kaɗai suka zo asibiti. Babu wanda ya ce "ina cikin baƙin ciki". Wanda ya san bakin mutanenmu ba zai yi mamaki ba. Mu cewa muke "jikina ya mutu", "kasala ta dame ni", "kaina ya yi nauyi", "ko'ina ciwo yake min". Jiki magayi ne, kuma sau da yawa shi ke faɗar abin da baki ya ji nauyin faɗa.

Ciwon damuwa da ake nufi a nan ya wuce ɓacin ran kwana biyu. Yanayi ne da ke ɗaukar aƙalla mako biyu, kusan kullum, mutum yana cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so. Mai son ƙwallo ya daina tambayar sakamako, mai son biki ta daina ɗinki. Barci ya lalace, cin abinci ya canja, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, mutum ya dinga ganin kansa nauyi ne ga iyalinsa.

Yadda ciwo ke ratsa jiki

Da yawanmu muna ɗaukar ciwo kamar wayar lantarki: wuri ya lalace, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, a ji zafi daidai girman lalacewar. Tun 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka nuna lamarin bai kai haka sauƙi ba. A cikin laka, wadda ke ratsa ƙashin baya, akwai abin da suka kamanta da ƙofa. Saƙon da ya taso daga tsoka ko gaɓa sai ya bi ta wannan ƙofar, ita kuma tana iya buɗewa ko ta rufe. Shi ya sa in ka buge gwiwa kake mulmula wurin, shafar tana taimakawa wajen tura ƙofar. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da nata umarnin daga sama, ta rage saƙon ko ta ƙara shi. Ɗan damben da ke tsakiyar fili ba ya jin yatsansa ya goce sai an raba, wanda kuma ya kwana yana tunanin bashi ko ƙaiƙayin sauro ya ishe shi.

Wannan umarnin da ke saukowa yana aiki da wasu sinadarai, manya cikinsu sirotonin da noradirenalin, kuma su ɗin suna da hannu a yanayin zuciya da barci. Sassan ƙwaƙwalwar da ke auna ciwo da waɗanda ke ɗauke da tsoro da baƙin ciki gida ɗaya suke zaune. A 2013 wata tawaga a Jami'ar Northwestern da ke Amurka, ƙarƙashin Vania Apkarian, ta bibiyi mutanen da ciwon baya bai daɗe da kama su ba, tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu har tsawon shekara. Ga waɗanda ciwon ya ƙi sakinsu, sai aka ga aikin ya tashi daga sassan da aka sani da jin zafi ya koma sassan motsin rai. Mutumin yana nuna wuri ɗaya a bayansa, yana bayyana ciwo iri ɗaya, amma a can ciki ciwon ya sauya masauki.

Akwai kuma abin da ke faruwa ga jijiyoyin kansu idan sun daɗe suna isar da saƙon ciwo. Suna zama masu saurin firgita. Ka ɗauki karen gidan da ɓarayi suka taɓa shiga. Kafin satar, sai an taɓa ƙofa yake haushi. Bayan satar, ko ganyen darbejiya ya faɗo sai ya tashi unguwa. Haushin na gaske ne, kowa yana jin sa, sai dai babu ɓarawo. Haka bayan da ya daɗe yana ciwo yake yi: sunkuyon ɗaukar buta, wanda ba ya lalata komai, sai ya haddasa raɗaɗin da ke sa mutum cije leɓe. Rashin barci, fargaba da baƙin ciki kuwa su ne masu ƙara zuga karen.

A nan ne ake samun mummunar fahimta. Da zarar an ce ƙwaƙwalwa tana da hannu, sai wasu su ji kamar an ce ciwon ƙarya ne, ko raki, ko son jiki. Ko kusa. Duk wani ciwo, har na karaya, a ƙwaƙwalwa ake jin sa. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya, da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta bayyana shi da abin da ake ji a jiki da kuma a rai, ta kuma ce a girmama maganar wanda ya ce yana jin ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To hoton da aka ɗauka fa, wanda ya nuna guringuntsi ya kumburo? A 1994 aka sa mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan cikin na'urar MRI a Amurka. Fiye da rabinsu an ga faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya kumburo. A 2015 aka tattara bincike da dama irin wannan, aka samu alamar gogewar faifan a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 masu ƙoshin lafiya, da kashi 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Yawancin abin da hoto ke nunawa furfura ce ta ciki, tana zuwa da shekaru. Amma ka duba abin da kalma ke yi. An ce wa mutum "ƙashin bayanka ya goge" ko "guringuntsinka ya zame", ya fito daga asibiti yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a tire. Daga ranar ya daina sunkuyo, ya daina ɗaukar ɗansa, ya fara lissafin ranar da zai koma keken guragu. A ganina, hoton da ba a zauna an yi wa mutum bayaninsa ba yakan yi ɓarnar da ta fi amfaninsa.

Mu ɗauki misalin direban Adaidaita Sahu. Zama ne daga safe har dare, ga ramuka, ga balas da sai an kai wa mai mashin kullum. Baya ya riƙe. Ya ji tsoro ya kwanta, domin kowa ya ce masa ya huta. Mako biyu a kwance tsokar baya da ta ciki sun saki, gaɓoɓi sun sandare, ranar da ya gwada fita ciwon ya fi na da. Ya ɗauka bayan ne ya ƙara lalacewa, ya koma shimfiɗa. Mai mashin ya karɓe kayansa. Cefane ya gagara, kuɗin makaranta ya zo, mai shago ya fara sauya fuska. Da dare ba barci, sai juyi da lissafi, da safe kuma jikin da bai yi barci ba ya fi jin ciwo. Ya daina zuwa majalisa don ya gaji da "ya jiki?", ya fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ya ji haushin kansa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Idan ka tambaye shi a wata na shida, zai ce bayansa ne matsalar, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai yanzu igiya biyu ce aka tufka.

Na mace ya fi wannan ɓuya. Ita ba ta da damar kwanciya. Ga shara a sunkuye, ga wanki, ga goyo, ga ɗaukar ruwa, wataƙila ga ciki kan ciki. Idan ta yi kuka da baya sau uku, na huɗun za a ce lalaci ne ko neman a tausaya mata. Sai ta yi shiru, shirun kuma ya zama wani ciwon.

Maganar kwanciya kuwa an daɗe da warware ta. A 1995 aka gwada a birnin Helsinki na Finland: wasu masu sabon ciwon baya aka ce su kwanta kwana biyu, wasu aka ba su atisaye, wasu aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko. Na ƙarshen suka riga kowa warkewa.

Inda gudun gara ke kai mutum gidan zago

Wanda ciwo ya hana barci zai nemi sauƙi duk inda yake, kuma kemis ya fi asibiti kusa. A nan ake ba da "haɗi": ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda. Sau da yawa akwai diklofenak ko ibuprofen ko danginsu a ciki, wani lokaci biyu a haɗe, har da deksametason. Magungunan rage kumburi irin diklofenak suna da amfani na ɗan lokaci, amma shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Deksametason kuma idan aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya ɗaga sukari, ya rarake ƙashin da ake neman gyarawa. Masu lasifika a kasuwa da ke danganta kowane ciwon baya da basir ko sanyi ba sai an ɓata lokaci a kansu ba. Ƙaho da gashi da ruwan ɗumi da tausa suna iya kawo sassauci na 'yan kwanaki, ba ni da ja a kan wannan, amma tsaga da aska ɗaya ga mutum goma hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta.

Tiramol ne babban tarkon, kuma akwai dalilin da ya sa ya fi kama mai ciwon baya da ke cikin damuwa. Banda kasancewarsa dangin magunguna masu sa maye irin kodin, yana kuma taɓa sirotonin da noradirenalin ɗin nan da muka ambata. Mutum ya sha don baya, sai ya ji zuciyarsa ma ta ɗan washe, ƙarfi ya zo, ya fita aiki. Bai san yana ƙoƙarin maganin damuwarsa da makauniyar hanya ba ne. Kwana kaɗan jiki ya saba, ɗaya ta koma biyu. Ƙarfin da hukumar NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, amma na bayan fage har 200 da 225 ake samu. Ranar da babu ƙwayar, ciwon da ƙuncin su dawo tare, sun fi na farko. Yawan shan sa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, haɗa shi da maganin damuwa ba da sanin likita ba kuma yana da haɗari sosai. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba.

Abin takaicin shi ne ribar ma babu. A 2018 aka fitar da sakamakon gwaji kan tsofaffin sojojin Amurka 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko gwiwa ko kwatangwalo. Bayan shekara guda, waɗanda aka ba magunguna dangin kodin ba su fi waɗanda aka ba na yau da kullum iya harkokinsu ba, illolin maganin kuma sun fi yawa a wajensu. Wanda ya riga ya saba da tiramol kada ya yanke shi rana ɗaya, a hankali ake rage shi tare da likita.

Kafin a wuce, akwai ciwon bayan da ba a yi masa dogon nazari, asibiti ake nufa. Idan fitsari ko bayan gida ya fara kufcewa ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa tana rasa ƙarfi tana ƙaruwa, wannan a ranar ake tafiya. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, a tuna tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma a ƙasashenmu ba baƙo ba ne. Makiyayi ko mai shan madarar da ba a dafa ba yana iya ɗaukar wata cutar dabbobi da ke zama a gadon baya. Haka mai sikila, da wanda ya taɓa yin ciwon daji, da dattijon da ya faɗi, da wanda ya yi haɗari. Waɗannan su ne kaɗan ɗin da hoto da gwajin jini ke ceto.

Warware tufkar

A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan kula da daɗaɗɗen ciwon baya. Abin da ta goyi baya: a yi wa mutum bayanin ciwonsa, a sa shi motsa jiki bisa tsari, a yi amfani da tausa da aikin likitocin gashin ƙashi, a haɗa da jiyyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, sai magungunan rage kumburi inda suka dace. Abin da ta ce kada a mayar da shi al'ada: ɗamarar baya, na'urar jan ƙashi, da magunguna dangin kodin. 

Motsa jiki shi ne maganin da ke aiki a ɓangarorin biyu lokaci guda, yana sassauta baya, yana ɗaga zuciya, yana gyara barci. Ba sai an je gidan atisaye ba. A Ostareliya an gwada tafiyar ƙasa kan mutum 701 da ba su daɗe da farfaɗowa daga ciwon baya ba, sakamakon ya fito a 2024. Waɗanda aka tsara wa tafiya sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake kwantar da su, sauran kuwa kwana 112.

Gizo yana saƙa ne a wajen yadda ake farawa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne, ranar da ya ji sauƙi sai ya rama aikin mako guda, ya share gida, ya je kasuwa, ya ɗauki buhu, sannan ya kwanta kwana uku yana cewa ai ya gwada. Dabarar ita ce a bi agogo, a daina bin ciwo. Idan tafiyar minti ashirin tana tayar maka da ciwo, fara da minti goma. Ka yi goman nan ranar daɗi da ranar wuya, kada ka ƙara don ka ji garau, kada ka fasa don ka ji nauyi. Bayan mako ka ƙara minti ɗaya ko biyu. Tafiya masallacin da ya ɗan fi nisa ta isa mafari, zagayen tsakar gida ya isa ga wadda ba ta fita. Ciwo zai ɗan motsa a farko, wannan karen ne ke haushi, kuma da maimaici ne yake koyon cewa ganye ne ya faɗo. Tela da direba da mai aikin ofis su riƙa miƙewa suna ɗan taku duk bayan rabin awa. Sannu ba ta hana zuwa.

Jiyyar tattaunawa kuma ba nasiha ce kawai ba. Ana zama da mutum a binciko tunanin da ke zuwa masa idan ciwo ya motsa, irin su "shi ke nan na nakasa" ko "ba ni da sauran amfani", a auna su da abin da ke faruwa a zahiri, a kuma mayar da shi ga abubuwan da ya bari ɗaya bayan ɗaya. Mai damuwa yana jiran sai sha'awa ta dawo kafin ya fita, alhali fitar ce ke jawo sha'awar. A wani gwaji na mutum 342 a Amurka da aka buga a 2016, kusan kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa irin wannan jiyya sun samu ci gaba na a zo a gani wajen gudanar da harkokinsu bayan wata shida, a kan kashi 44 na waɗanda aka bari da kulawar da aka saba.

Gwajin da ya fi kama hankalina shi ne na birnin Indianapolis a 2009, ƙarƙashin Kurt Kroenke, domin shi ya tunkari igiyoyin biyu tare. Mutum 250 ne masu ciwon baya ko gwiwa ko kwatangwalo haɗe da ciwon damuwa. Rabinsu aka fara daidaita musu maganin damuwa, sannan aka koya musu dabarun sarrafa ciwo. Bayan shekara, kimanin kashi 37 cikin 100 damuwarsu ta ragu da rabi ko fiye, a kan kashi 16 da ɗoriya na ɗaya rukunin. Waɗanda ciwon jikinsu ya ragu sosai kuma sun kai kashi 41, a kan kashi 17. Adadin bai nuna mu'ujiza ba, fiye da rabi ba su kai wannan matakin ba. Amma ninki biyu ne, kuma ba a yi wa kowa tiyata ba.

Game da maganin damuwa, a faɗi gaskiya. Tasirinsa a kan ciwon bayan kansa kaɗan ne, masana ma sun saɓa a kai. Amfaninsa yana ga wanda likita ya tabbatar yana da ciwon damuwa. Yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, ba a daina shi kwatsam, kuma ba ya sa ƙishirwar ƙari irin ta tiramol. Amitiriptilin, wanda ya fi araha da samuwa, yana busar da baki, yana sa barci, kuma yawansa yana taɓa bugun zuciya, don haka ba abin saye a kemis da ka ba ne.

Sai barci. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, a rage dogon barcin rana, a bar shayi mai kauri da goro da daddare, a ajiye waya. Mai kwanciyar gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyi, mai rigingine ya sa a ƙarƙashinsu.

Akwai wata magana da ke rufe bakin masu damuwa a cikinmu: "Rashin tawakkali ne, ka yi haƙuri ka yawaita addu'a." Addu'a da haƙuri jigo ne ga mai imani, kuma suna cikin abin da ke riƙe mutum. Amma Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, shi ne kuma mai cewa haƙuri kyakkyawa. Baƙin ciki ya taɓa jikin Annabi, babu wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Sahabi Imrana ɗan Husaini da ciwo ya dame shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Wanda ruku'u ke gagara ya ɗauki kujera ya tafi jam'i, domin fitar da gaisawar da mutane a ƙofar masallaci suna cikin maganin.

Samun masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa aiki ne. Likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Akwai asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen, kamar yadda suke da sashen gashin ƙashi. Tsoron a ce "an kai shi Dawanau" yana hana da yawa zuwa. To ba lallai a fara daga can ba. Likitan da ke duba bayan zai iya fara duba damuwar, idan an faɗa masa. Jimla biyu sun isa: "Likita, tun da ciwon nan ya daɗe ba na barci, ba na jin daɗin komai. Wani lokaci har nakan ji gara ma babu ni."

Wannan jimlar ta ƙarshe ba a wasa da ita. Haɗarin mutum ya kashe kansa yana ninkawa kusan sau biyu ga masu daɗaɗɗen ciwo. Idan ɗan'uwa ya fara cewa "na gaji da duniya" ko "kun kusa hutawa da ni", kada a tsaya ga "haba, daina faɗin haka". A zauna a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta dasa tunanin. A kwashe tarin ƙwayoyi, fiya-fiya da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti a ranar.

Sauran kwanaki kuma, iyali su rage "kwanta ka huta, bari a yi maka". Tausayi ne, amma yana ƙara ɗaure mutum a shimfiɗa. Gara ƙaninsa ya zo bayan la'asar ya ce, "Yaya, taso mu taka zuwa bakin titi," ko 'yar ta ce, "Umma, zo ki zauna ki nuna min yadda ake haɗa miyar nan." Gobe a sake zuwa a daidai wannan lokacin, ko da jiya ya ce ba ya so.